Wannan maganin mai rai ne, ku daina kashe shi kafin ya isa gona

Raina ya ɓaci a wani lambun ayaba da aka kira ni in duba. Mai lambun dattijo ne, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, maganin nan naku na zamani damfara ne." Iska ta kayar masa da ayaba bila adadin, wasu da nono a kansu bai ƙosa ba. Na sa adda na tsaga gindin guda ɗaya. Ciki duk ramuka ne baƙaƙe, ga tsutsa fara mai jan kai kwance tana ci. Ƙwaron gindin ayaba ne, ba shakka.

Na ce, "Baba, yaya aka yi amfani da maganin?"

Beauveria bassiana ya saya, kuma na gaske ne. Amma a teburin mai shago ya same shi, cikin rana. Mai shagon ne kuma ya ce ya gauraya shi da maganin fumfunar ganye, wai don a yi aiki ɗaya a huta. Jama'a, Beauveria ita kanta fumfuna ce fa! Ka zuba ta cikin abin da aka yi domin kashe fumfuna, me kake jira ta yi maka? Sannan aka fesa da azahar, a kan ganye, alhali ƙwaron yana ƙasa, da dare yake fitowa.

Da kwana uku suka wuce bai ga gawar ƙwaro ba, ya koma shagon. Aka ƙulla masa wani gari a leda, ba suna, ba lambar NAFDAC. Jikansa ne ya barbaɗa da hannu. Yaron ya kwana yana amai da ciwon kai, kajin gidan da ke kiwo a lambun suka mutu. Allah ya kiyaye, yaron ya tashi. Wannan shi ya fi ƙona mini rai.

Beauveria ba ta kisan nan take. Ƙwayarta kan manne a jikin ƙwaro, ta tsiro, ta huda fatarsa, ta cinye shi daga ciki. Sai an yi mako ko fiye ya mutu, fumfuna fara sol ta lulluɓe gawar, 'yan uwansa su goga su ɗauka. Ba sabon abu ba ne: tun 1835 Agostino Bassi ya gano ta a jikin tsutsar siliki a Italiya. Masana a cibiyar binciken noma ta IITA da ta Kawanda a Yuganda sun daɗe suna gwada ta a kan wannan ƙwaro, kuma 'yar uwarta Metarhizium ce aka gwada a kan fara a Nijar a shekarun 1990.

Kada a ajiye ta a rana. Kada a haɗa ta da maganin fumfuna. A zuba a gindi da yamma, ƙasa da danshi. A tsaga kututturen da aka sare, a shafa masa, a kifa kusa da gindi, ƙwarin da kansu za su taru a ƙarƙashi.

Kuma in faɗi gaskiya, rage ƙwaro take yi, ba ta ƙarar da shi, tsutsar da ta riga ta shige ciki da wuya ta kai gare ta. Baban nan daga lambun maƙwabci ya ciro 'ya'yan ayaba ya dasa, bai fere gindinsu ba, bai tsoma su a tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 ba. Da hannunsa ya shigo da ƙwan. Tsoffin kututture kuma ga su nan zube suna ruɓewa, ba mai daddatsa su.

Na sake faɗa: kada a haɗa ta da maganin fumfuna. Ku kuma masu shago, in ba ku san abu ba ku ce ba ku sani ba, ku tura mutum wurin malamin gona. Garin leda marar suna kuwa, kada wanda ya ƙara miƙa wa yaro shi.