Kafin ka kamo hanya daga Gatawa don ganin ɗan'uwanka da ke tsare

Aikin lauya nake yi a Sakkwato, kuma da yawa daga cikin waɗanda nake tsaya wa mutanen Gatawa ne da Sabon Birni da Isa. Kafin a zo maganar beli, tambayar da dangi ke fara yi mini ita ce: "Barista, yaya za a yi mu gan shi?" Ni kuma sai in tambaye su a hannun wa yake. Sau da yawa ba su sani ba. Abin da suka sani kawai, mota ta zo ta tafi da shi.

Wannan tambayar ita ce gaba da komai, domin kowane hannu da ƙofarsa. Idan yana caji ofis, DPO ko ɗan sandan da ke binciken maganar ne zai ba da izini. Idan an ɗauko shi zuwa sashen binciken manyan laifuka a Sakkwato, can za a nema. Idan sojoji ko DSS ne, zuwan dangi kai tsaye ba kasafai yake haifar da komai ba, a nemi lauya ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa su rubuta. Sai alƙali ya sa hannu a takardar tsarewa ne mutum ke shiga gidan yari, wanda dokar 2019 ta mayar da sunansa gidan gyaran hali. A nan ma a tabbatar ko na cikin Sakkwato ne ko na Wurno, magatakardan kotun da aka kai shi zai iya faɗa. Ina nanata wannan ne saboda hanyar. Kowa ya san abin da ke tsakanin Sabon Birni da Goronyo, inda aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024. Ba hanyar da tsohuwa za ta bi ba ce a kan jita-jita, ta iso a ce mata ba ya nan.

Sai suna. A gida Ɗanjuma ake ce masa, ko a kira shi da sana'arsa, amma a littafin ganduroba sunan yanka da na mahaifi aka rubuta, wani lokaci ma yadda kunnen ɗan sanda ya ji. Na sha ganin an juyo da mutane daga bakin ƙofa alhali nasu yana ciki. Ku zo da sunan da ke kan takardar tuhuma.

Neman izinin kansa ba wuya. Ana cike takarda a ƙofa, ko a rubuta 'yar gajeruwar wasiƙa zuwa ga shugaban gidan: sunanka, garinku, sunan wanda ke tsare, da dangantakarka da shi. Ka riƙe katin ɗan ƙasa ko na zaɓe. Wanda katinsa ya ƙone ko ya ɓace wajen gudun hijira ya karɓo takarda daga hakimi ko ƙaramar hukuma, tana taimakawa. Ranaku da lokutan ziyara sun bambanta daga gida zuwa gida, a tambayi jami'in walwala tun kafin a taso. Ba a biyan kuɗin ziyara. Ban ce ba za a tambaye ka na goro ba, amma ka san ba doka ce ta ce ka bayar ba. Waya ba ta shiga. Abinci za a bincika, galibi a ce ka ɗanɗana. Magani ya bi ta hannun ma'aikacin asibitin gidan, kuɗi kuma a rubuta su a ofis da sunansa, kada a cusa cikin tuwo ko burodi, don wanda aka kama da haka shi ma ya zama mai laifi.

Akwai tsoron da ba a cika faɗa a fili ba. Idan zargin na kai wa 'yan bindiga bayani ne ko man fetur, dangi kan ƙi zuwa don kada a haɗa da su. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana a kama wani a madadin wani, kuma ziyarar ɗan'uwa ba laifi ba ce. Ka rubuta sunanka na gaskiya, ka yi magana a fili, kada ka ɗauko saƙon kowa.

Mintocin da za a ba ku kaɗan ne, kuma kuka da gaishe-gaishe kan cinye su. A ganina asarar ziyara ke nan. Ka tambaye shi wace kotu, wace lambar shari'a, yaushe aka kai shi gaban alƙali na ƙarshe, yaushe aka sa ranar komawa. Ka duba jikinsa, ka tambayi lafiyarsa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi. A laifuka irin su fashi da garkuwa da mutane, majistare ba shi da hurumin yanke hukunci, tsarewa kawai yake yi har Ma'aikatar Shari'a ta ba da shawara, kuma fayil ɗin da ba mai bin sa yana iya shekara a kan teburi. Da waɗannan amsoshi a rubuce za ka iya shiga ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke Sakkwato, wadda ke ba marasa hali lauya kyauta, ka nemi a bi maka shi.