Wane Ne Ɗa a Turanci? Darasi a Kan Kalmomin Zuriya

Hausa ta ba kowane mataki na haihuwa sunansa: ɗa, jika, tattaɓa-kunne, sa'an nan kalmar zuriya ta tattara su duka. Turanci ma yana da nasa kalmomin, amma iyakarsu ba ta zo daidai da tamu ba, ga shi kuwa da shi ake rubuta takardun gado da na fili da iyalai a Bauchi suke sa wa hannu.

Offspring ita ce abin da aka haifa, mutum ko dabba. Ba a ƙara mata "s", ko ɗa ɗaya ne ko goma. Ɗalibin da ya rubuta offsprings a jarrabawa ya yi asarar maki. Descendant tana tafiya nesa, har jikokin jikoki. Sarakunan Bauchi descendants ne na Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809, shi kuma ancestor ɗinsu ne. Yara sukan juya waɗannan biyu.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki na Turanci, juyin King James na 1611, zai tarar da seed, wato iri, a wuraren da sababbin juyi suka sa offspring ko descendants. A Galatiyawa 3:16 Manzo Bulus ya kafa hujjarsa a kan cewa kalmar tilo ce, ba jam'i ba.

Wadda ta fi bukatar lura ita ce issue. A bakin lauya ba matsala take nufi ba. Tana nufin 'ya'yan cikin mutum da jikokinsa har ƙasa. A gidajenmu ɗan wa ko ɗan ƙane ɗa ne, ba a bambanta shi a wajen tuwo ko kuɗin makaranta, kuma abin kunya ne a nuna masa bambanci. Turanci ba ya jin wannan kunya. A wurinsa yaron nephew ne, yarinyar kuma niece, kuma babu ɗayansu a cikin issue. Magidancin da ya riƙe marayan ɗan'uwansa shekara 20, ya kuma rubuta wasiyya cewa gidansa na Yelwa na issue ɗinsa ne, zai iya barin yaron a waje ba da nufinsa ba. In yana so yaron ya sami rabo, sai ya sa lauya ya rubuta cikakken sunansa, a kuma karanta masa takardar da Hausa kafin ya sa hannu.