Tsibiran Sao Tome da Firinsife

Duk yaron Ɗankaza da ya taɓa tsayawa bisa gadar Wudil da kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa, ya ga tudun yashi a tsakiyar kogi, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Irin wannan tudu shi ake kira tsibiri. A cikin teku kuwa akwai manyan tsibirai masu duwatsu da dazuzzuka da garuruwa, har waɗansu ƙasashe ne masu mulkin kansu. Ɗaya daga cikinsu ita ce Sao Tome da Firinsife.

Wannan ƙasa tana cikin Tekun Atalantika, kudu da Nijeriya, kamar kilomita 250 daga gaɓar Gabon. Manyan tsibiranta biyu ne. Sao Tome shi ne babba, can kuma babban birni yake, Firinsife shi ne ƙarami. Ko an haɗa su duka, Jihar Kano ta ninka su wajen sau ashirin. Mutanen ƙasar sun haura 200,000.

Asalin tsibiran nan duwatsu ne masu aman wuta da suka taso daga ƙarƙashin teku, amma sun daɗe da daina aman. Mafi tsawonsu ya kai mita 2,024. Layin Ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, ya ratsa ta wani ɗan tsibiri da ke kudancin ƙasar. Saboda haka akwai zafi, damina kuma takan yi wajen wata takwas. Ƙasa ce mai ni'ima, kome aka shuka sai ya yi kyau.

Wannan ni'ima ce ta jawo Turawa. Wajen shekarar 1470 matuƙan jiragen ruwa na ƙasar Fotugal suka iso, suka tarar ba kowa, sai daji da tsuntsaye. A 1493 suka kafa gari, suka shiga noman rake don yin sukari. To, noman rake yana bukatar ma'aikata da yawa, su kuwa kaɗan ne, ga zazzaɓi yana ta kashe su. Sai suka riƙa sayo bayi daga ƙasar Binin da Kwango, suna zuba su a manyan gandaye. Tsibirin kuma ya zama zangon jiragen da ke kai bayi ƙetaren teku.

Da tura ta kai bango, a 1595 wani bawa mai suna Amador ya tara 'yan'uwansa suka yi bore, suka ƙone wuraren matsar rake masu yawa. Daga baya aka kama shi aka kashe. Mutanen ƙasar ba su manta da shi ba, har sun sa siffarsa a takardun kuɗinsu.

Da sukarin Barazil ya cika kasuwa, sai cinikin nasu ya mutu. A ƙarni na 19 aka kawo koko da kofi, gandaye suka sake farfaɗowa. A 1875 aka hana bauta, amma masu gandaye suka yi dabara. Suka riƙa kawo leburori daga Angola da Mozambik da sunan kwangila, albashi kaɗan, aiki mai yawa, kuma da wuya a bar mutum ya koma gida. Wajen 1908 ba ƙasar da ta kai su fitar da koko a duniya. Da labarin wahalar leburorin nan ya bazu, a 1909 manyan kamfanonin cakulan na Ingila suka daina sayen kokonsu.

A watan Fabrairu na 1953 'yan ƙasa suka ƙi yarda a sa su aikin tilas a gandaye. Gwamnan Fotugal ya sa aka auka musu, aka kashe ɗaruruwa. Wannan ta'asa, wadda ake kira kisan Batefa, ta ƙara musu ƙishin 'yanci. Ran 12 ga Yuli, 1975, suka sami mulkin kai, Manuel Pinto da Costa ya zama shugabansu na farko.

Yawancin mutanen ƙasar yau jikokin bayin nan ne da leburorin nan. Harshen gwamnati shi ne na Fotugal, kuma har yanzu koko na cikin manyan abubuwan da suke sayarwa waje. A 2001 suka ƙulla yarjejeniya da Nijeriya kan neman man fetur a tekun da ke tsakaninsu, gama maƙwabta ne.

Tambayoyi
1. Mene ne tsibiri?
2. Me ya sa Turawan Fotugal suka kai bayi Sao Tome?
3. Wane ne Amador?
4. A wace shekara ƙasar ta sami mulkin kai?