Gwarzo Biyu a Yaƙi Ɗaya: Darasin Wani Fim ɗin Zane na Japan ga Labarin Birnin Zazzau

Wannan maƙala ta dubi yadda ake gina labarin yaƙin da kowane ɓangare yake da gwarzonsa, ta hanyar kwatanta wani fim ɗin zane mai motsi da labarin cin Birnin Zazzau.

Fim ɗin shi ne Legend of the Galactic Heroes, mai kashi 110, wanda aka fitar a Japan tsakanin 1988 da 1997 daga littattafan Yoshiki Tanaka. Jigonsa yaƙi ne a sararin samaniya tsakanin Reinhard, kwamandan daular mulkin sarauta, da Yang Wen-li, kwamandan ƙawancen jamhuriya. Ba a mayar da ɗayansu mugu ba. Mai ba da labarin yana magana ne kamar masanin tarihi da ya zo bayansu, yana auna hujjar kowa.

Zazzau na da irin wannan labari. A 1808 Malam Musa, mai riƙe da tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Yamusa, suka ci birnin daga hannun Sarkin Zazzau Muhammadu Makau. Ruwaya ta ce an auka wa Makau ne yana filin idi a bayan ganuwa, bai sami komawa ciki ba, ya nufi Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828.

Daga nan labari ya rabu biyu. A cikin ganuwa, 1808 mafarin sabon tsarin mulki ne. A tarihin Abuja kuwa, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, aka buga fassararsa a 1952, sarautar Zazzau ƙaura ta yi, ba ta mutu ba. M. G. Smith ya jera tsarin mulkin gidajen biyu a Government in Zazzau (1960).

Darasin ga mai rubutun zube ko mai shirya fim ɗin zane na Hausa shi ne: zubin tatsuniya, mai raba taurari zuwa nagari da mugu, ba zai ɗauki wannan labari ba, domin zuriyar ɓangarorin biyu suna raye, kowa na riƙe da sarautarsa. Wanda ya ɗauki ruwaya guda ya yi wa ɗaya gidan hukunci ba tare da ya ji ta bakinsa ba.