Yadda Ake Sa Wa Tsohuwar Mota Faffaɗan Wili da Taya

Samarin Amurka ne suka yi fice da wannan al'ada. A shekarun 1960 kamfanoninsu sun fitar da motoci masu manyan injuna, irin su Ford Mustang a 1964 da Dodge Charger a 1966, amma tayoyinsu sirara, da an taka totur sai ƙafafun baya su yi ta juyi a wuri ɗaya suna hayaƙi. Faɗaɗa taya a wurinsu magani ne na ƙarfin da ya yi wa roba yawa. Mu a nan tsofaffin motocinmu daban ne: Peugeot 504 da 505 da aka yi ta harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar PAN a 1975, da Mercedes 190, da Golf 3 wadda har yau ita ke ɗaukar jama'a tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, ta Kwanar Babaldu. Injin Golf 3 mai lita 1.8 ƙarfin doki 75 ne ko 90. Ba ta neman faffaɗar taya don ta riƙe ƙarfinta. Mai ita yana so ne ta zauna daram a kwana, birki ya ƙara kamawa, kuma ta yi kyan gani idan an wanke ta ranar Juma'a. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, kuma ana samunsu, muddin an yi awo kafin a fitar da kuɗi.

Fara da tayar da ke jikin motar. A gefenta za ka ga rubutu kamar 175/70 R13. Lambar farko faɗin taya ce da milimita. Ta biyu tsayin gefenta ne, wato kashi 70 cikin ɗari na faɗin. Ta uku girman wili ne da inci. Daga nan za ka fitar da tsayin ƙafar baki ɗaya: kashi 70 na 175 shi ne 122.5, ka ninka biyu saboda sama da ƙasa, 245 ke nan, ka haɗa da inci 13 wanda ya kama milimita 330. Jimla 575. Rubuta wannan lamba a takarda ka sa a aljihu, domin ita ce za ta yi maka jagora har ƙarshen aikin. Duk sabuwar ƙafar da za ka sa, kada tsayinta ya bambanta da wannan da fiye da kashi 3 cikin ɗari. A Golf 3, taya 185/60 R14 tana ba da kusan 578, ita kuma 195/50 R15 tana ba da 576. A 504 mai 175 R14, wadda tsayinta ya kai kusan 636, taya 195/70 R14 tana ba da 629, sannan 195/65 R15 tana ba da kusan 635. Idan ƙafa ta fi ta asali tsayi sosai, agogon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi, motar ta yi nauyin tashi, tayar kuma ta riƙa dukan madigadi. Idan ta gajarta, cikin motar ya matso ƙasa, kuma kowa ya san abin da dutse ke yi wa kaskon baƙin mai a hanyar burji.

Sai ramukan noti. Nan ne mutane suka fi cutuwa, nan ne kuma nake so mu daɗe. Yawan ramuka kaɗai bai isa ba, sai an san faɗin da'irar da suke kai. Golf 3 ta yau da kullum ramuka 4 ne a kan da'irar milimita 100. Peugeot 406 ramuka 4 ne a kan 108. Ita 504 da 505 galibi ramuka 4 ne a kan 140, awon da ba kasafai ake samunsa a wasu motoci ba. Mercedes 190 ramuka 5 ne a kan 112, yawancin Honda da Toyota masu ramuka 5 na manyan samfuri kuwa a kan 114.3 suke. Idan ramukan 4 ne, auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, ka samu amsarka. Idan 5 ne, auna tsakanin ramuka biyu da ke maƙwabtaka, ka ninka da 1.7. Wilin 112 zai ba ka kusan 66, na 114.3 ya ba ka kusan 67. Ka ga bambancin bai taka kara ya karya ba a ido, shi ya sa wilin kasuwa mai 114.3 ke shiga ƙafar Mercedes idan an matsa masa. Shiga kam zai shiga. Amma kowane noti zai zauna a karkace, yana cin gefe ɗaya na raminsa, kuma a hankali sai ya sassauta ko ya tsinke. Na taɓa ganin wilin da aka cire daga irin wannan haɗi: ramukan sun koma kamar ƙwai, bakinsu ya yi fari fat saboda guga, ƙurar alminiyon ta manne a jikin notin. Motar tana ɗaukar mutane a haka.

Idan mai sayarwa ya ce maka, "Alhaji, a ɗan goga ramin da fayil zai hau," ka gode masa ka yi gaba. Haka idan an ce za a kai wa mai walda ya toshe ramukan a huda sababbi. Masu 504 su aka fi yi wa wannan tayi, saboda wilinsu wuyar samu gare shi. Abin da ya fi musu shi ne su nemi wilin 505, ko su bar wilinsu na ƙarfe su ƙara faɗin taya kaɗan. A kula da wani abu guda: wasu 505 da aka shigo da su daga Turai sun zo da wilin TRX mai milimita 390. A ido kamar inci 15 ne, alhali inci 15 milimita 381 ne. Tayar inci 15 ba ta hawa kansa, kuma tasa tayar ba za ka same ta a wurin mai faci ba.

Juya wilin ka duba bayansa. Za ka ga an buga rubutu kamar 6Jx14 ET45. Lambar 6 faɗin wilin ne da inci. ET kuwa tana nuna nisan fuskar da ke manne wa hob daga tsakiyar wilin, da milimita. Idan lambar ET ta ragu, wilin ya fito waje. Idan ta ƙaru, ya shige ciki wajen shokazoba. Ga misali. Kana da 6J mai ET45, kana son 7J mai ET35. Faɗin ya ƙaru da inci ɗaya, milimita 25, rabi ya tafi ciki rabi ya fito waje, kusan 13 kowane gefe. Ragin ET ya tura duka waje da 10. Saboda haka bakin waje zai fito da kusan milimita 23, na ciki ya shiga da kusan 3. Yanzu ɗauki ma'auni ka je wurin motarka: akwai sararin 23 tsakanin taya da leɓen madigadi? Akwai ragowar fili tsakanin taya da shokazoba? Idan babu, wannan wilin ba naka ba ne, komai kyansa. Ni dai ba na son ET ta yi nisa da ta asali da fiye da milimita 10. Wilin da ya fito waje sosai yana ɗora wa boris nauyi a inda ba a tsara masa ba, sitiyari kuma ya riƙa fizga a duk ramin da aka faɗa.

Ramin tsakiya shi ma a auna shi. Na Golf milimita 57.1 ne, na Mercedes 66.6, na 406 kuma 65.1. Idan ramin wilin ya fi hob ƙanƙanta, ba zai hau ba. Idan ya fi shi girma, kamar wilin kasuwa da yawa masu 73.1, sai an sa zobe ya cike giɓin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa da an kai gudun 80 ko 100. Masu injin gurzar ƙarfe a Kano suna iya yanka maka zoben alminiyon idan ka kai musu awon ciki da na waje.

Kafin ka kama hanyar Wudil zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sa tsohon wili ɗaya da noti ɗaya a but. Da su za ka gwada. Notin asali na Golf da Mercedes wuyansa a dunƙule yake kamar rabin ƙwallo, wilin kasuwa kuwa yawanci mazaunin notinsa a gangare yake kamar mazurari. Idan aka haɗa wanda bai dace ba, zai taɓa ne a siririn layi kawai. Sayi wili da notinsa tare. Tsawon ma a duba: noti ya shiga hob da kewaye 7 zuwa 8, amma kada ya yi tsawon da zai taɓo kayan birkin hannu a ƙafar baya, abin da ke faruwa a Mercedes. Wilin da za ka saya na hannu ne galibi, don haka a wanke shi a duba shi a rana. Tsagewa takan ɓuya a bakin ciki da kewayen ramuka. Wanda aka taɓa yi wa walda a bar shi.

Wajen zaɓen taya, ga ra'ayina ƙarara: mataki ɗaya ya isa. Gefen taya shi ke shanye dukan hanya kafin ya isa wili. A 175/70 gefen ya kai milimita 122, a 185/60 ya koma 111, a 195/50 bai kai 98 ba. Wanda ke yawo a cikin Dutse ko Kano zai iya zama da 98. Wanda ke shiga ƙauyuka da damina, ko yake lodin buhuna ranar kasuwar Sara, zai lanƙwasa wili kafin kaka, kuma tayar za ta yi ƙullutu a gefe, alamar zaren cikinta ya tsinke. Ga Golf ɗin haya, 185/60 R14 ta wadatar. Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, kamar 82T. Lambar 82 tana nufin tayar na ɗaukar kilo 475, 88 kilo 560, 91 kilo 615. Kada ka sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi. Masu 504 wagon da akori-kura su tsaya a kan taya mai harafin C, domin lodi aka yi ta.

Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, daga waje tayoyinmu ke zuwa, kuma 'yan Kwatano sun cika kasuwa duk da dokar kwastan ta hana shigo da tsofaffin tayoyi. Nemi lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2321, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana gargaɗin cewa taya ta tashi aiki bayan shekara 4 da ƙera ta. Tayar da ta tsufa a sanyin Turai, aka ɗora ta a kwaltar Birnin Kudu a watan Afrilu da zafi ya haura digiri 40, zanenta na iya zama da kyau amma robar ta bushe. Gara sabuwar 185 da tsohuwar 205.

Ranar haɗawa, kada a sa duka huɗun lokaci ɗaya. Roƙi mai faci ya haɗa ɗaya tukuna. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafun da dutse, a ɗaga da jak sannan a sa wani abu mai ƙarfi a ƙarƙashi, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A kankare tsatsar fuskar hob da burushin ƙarfe. Ɗora wilin a gaba, ɗaure da hannu, juya shi ka saurara ko yana taɓa gidan birki. Sauke motar, murɗa sitiyari har ƙarshe dama, sannan hagu, kana zura hannu ta baya. Yatsa ya samu wucewa tsakanin taya da shokazoba, da robar man birki, da bodi. Maimaita a baya. Sannan ka shafa alli a leɓen madigadi ta ciki, ka cika motar da mutane ko buhuna kamar yadda ka saba, ka bi ta kan gargada a hankali. Idan alli ya fito a jikin taya, tana gugawa. Gugar kaɗan mai gyaran bodi zai iya magance ta, ya ɗumama fentin ya naɗe leɓen ciki a hankali. Idan sai an yanke madigadi, a mayar da kayan a canza. Kuma kada a yarda a cusa wasa a bayan wili don a turo shi waje. Notin zai rasa kewayen da yake riƙe da su.

Idan gwajin ya yi, sai a haɗa sauran, a yi wa kowanne balansin. Tsofaffin shokazoba da taroda da suka saki sukan ɓoye laifinsu a ƙarƙashin siririyar taya, faffaɗa kuwa tona su take yi, don haka a gyara su kafin a je alaimen. Ɗaure noti a giciye, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, ba bi da bi ba. Golf 3 da Mercedes 190 ƙarfin ɗauri Nm 110 suke so, kuma da sifana mai awo ake samunsa. Yaron gareji da ke hawa kan wilsifana yana tsalle, miƙar da notin yake yi. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, a fara da abin da ke rubuce a jikin ƙofa ko murfin tankin mai.

Za ka ji sitiyari ya ƙara nauyi, musamman a 504 da ba ta da fawa, mai kuma zai ɗan ƙara tafiya. A ruwan sama rage gudu fiye da da, domin faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwan da ya kwanta a kwalta. Duba cewa sifiyarka tsayinta ya yi daidai da sababbin, kuma ka ajiye tsofaffin noti a but idan ita wilin ƙarfe ce. Bayan kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notin duka da sifana, saboda sabon wili yakan ɗan zauna. Idan ka tashi daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, ka yi wannan kafin ka juyo.