Darasi na Bakwai: Harshen Kanikawa, Idan Inji Ya Sha Ruwa

Kowace sana'a tana da keɓaɓɓun kalmominta. Domin ganin haka a aikace, mu ɗauki direban da ya taso daga Matazu zuwa Musawa cikin watan Agusta, damina ta kankama, ya kutsa cikin ruwan da ya shafe hanya, mota ta mutu.

Bakanike zai ce "inji ya sha ruwa". Ruwan yakan bi ta mashigar iska ya sauka kan fistin. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Saboda haka idan direba ya yi gaggawar sake tayar da motar, sandar da ke riƙe da fistin takan lanƙwashe, a ce "inji ya buga". Nan asarar take, domin sai an sauke injin. Abin yi shi ne a tura motar kan tudu, a kwance fulogai, a juya inji ruwan ya fita, a sauya matatar iska. Baƙin mai ma, in ya koma launin koko, a juye shi.

Malami ya jawo hankalin ɗalibai ga kalmar "fulogi". Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu, shi ya sa aka saƙa wasalin /u/ a tsakaninsu. /P/ ta koma /f/, sannan aka rufe kalmar da /i/. "Baƙin mai" kuwa ƙirƙira ce, kuma a ganina irinta ta fi aro armashi. "Sha" da "buga" faɗaɗa ma'ana ne.

Aiki: Ziyarci gareji, ka tattaro kalmomi 10, ka ware na aro daga ƙirƙirarru.