Me Ya Sa Hukuma Ke Ƙwace Ruɓaɓɓun 'Ya'yan Itatuwa?

Idan duba-gari suka ƙwace kwandon lemo a kasuwa irin ta 'Yan Lemo da ke Kano, sau da yawa akan ji jama'a na cewa, "Ai da an yanke wurin da ya ruɓe an sayar da sauran." Hasarar ɗan kasuwa abin tausayi ce, amma doka da ilimin halittu duka ba su goyi bayan wannan shawara ba.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Abinci da Magunguna ta Nijeriya ta 1974 ta haramta sayar da abincin da ya ruɓe, ko gaba ɗayansa ko wani sashensa, ta kuma ba jami'an bincike ikon ƙwace shi. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC domin kula da ingancin abinci da magunguna. Ɗalibi ya lura da kalmomin nan "wani sashensa", domin a nan darasinmu yake.

Yadda Ruɓa ke Faruwa

Ƙwayoyin irin funfuna suna yawo a iska, ido ba ya ganinsu. Da zarar ɓawon lemo ya ƙuje wajen tsinka ko lodi, sai su shiga ta raunin. Nau'in da ake kira Penicillium digitatum shi ke haddasa koren funfunar lemo. Yana tsirar da zaruruwa sirara waɗanda ke kutsawa cikin tsoka, suna fitar da sinadaran da ke narkar da ita. Tabon da ake gani a waje kan matsala ne kawai, zaruruwan sun riga sun wuce inda wuƙa za ta tsaya. Bugu da ƙari, lemo ɗaya yakan watsa miliyoyin ƙwayoyin iri ga sauran. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Wasu nau'o'in kuma dafi suke fitarwa. Penicillium expansum, mai ruɓar da tufa, yana samar da patulin, wanda ke jawo tashin zuciya da amai da ciwon ciki. Zafin da ake gasa ruwan 'ya'yan itace da shi a masana'anta ba ya kawar da wannan dafi. Saboda haka ma'aunin abinci na duniya ya ƙayyade cewa kada ya wuce maikirogiram 50 a kowane kilogiram na ruwan tufa.

Gwaji a Aji

Malami ya samo lemo biyu lafiyayyu, ya soki ɗaya da allura sau biyar. A sa kowanne cikin farar leda a ɗaure, a ajiye a inuwa. Ɗalibai su rubuta abin da suka gani kullum har kwana 7. Kada a kwance ledar, kada a shinshina, a binne su bayan an gama.

Tambaya: wanne ya fara ruɓewa, kuma wace shawara za ku ba masu lodin lemo?